Baƙuwar da Ba a Gaishe Ta Ba

Tun ranar da aka ba ta tauraro ɗaya Rakiya ta daina mafarkin ido biyu.

Da can kuwa gwana ce. Hannunta na shimfiɗa zanen gado a gidan Barnawa, zuciyarta ta riga ta kai ta ɗakin Jamilu saurayinta, tana zaɓen launin labule, tana jin sallamarsa in ya dawo aiki daga Rido da ƙurar hanya a gira. Wani lokaci har faɗan da za su yi take tsarawa, da yadda za su shirya.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, da mangwaro ɗaya a tsakar gida. Shi ne abin da mahaifinta ya bar musu ita da Inna daga shekarun da ya yi a masaƙar Kakuri. Su a Makera suke zaune. Da ta gama jami'a aiki ya ƙi samuwa, sai ta share gidan, ta yi masa fenti, ta sa hotunansa a manhajar da matafiya ke kama masauki da ita. Mutum ya kwana biyu ko biyar, ya tafi, ya rubuta yadda ya ga wurin, ya ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar.

Shekara guda da rabi ba wanda ya ba ta ƙasa da huɗu.

Sai ga Mista George daga Fatakwal. Ta yi masa abin da take yi wa kowa, abin da ta buɗe ido ta ga Inna na yi. Ta tare shi a ƙofa da ruwan sanyi. Kowace safiya ta hau keke daga Makera da kunun gyaɗa da ƙosai, ta ƙwanƙwasa, ta tambayi kwanan baƙunta. Ya karɓa da murmushi. Kwana huɗu yana murmushi.

Ranar da ya tafi ya rubuta da Turanci cewa gida kam mai tsafta ne, amma mai gidan ba ta san iyaka ba. Kullum da sassafe sai ta buga ƙofa tana binciken yadda mutum ya kwana, kamar 'yar sanda. Mai son hutu ya nemi wani wuri.

An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa saukar da mutumin da tabarmar kaɗai ya zo nema ba.

Ta karanta sharhin har ta haddace shi. Ta ɗauki waya da jajayen idanu ta nufi Sabon Tasha wajen Juliana, ƙawarta tun aji ɗaya a jami'a, wadda ke da irin waɗannan gidaje har uku.

Juliana ta karanta ta tuntsire da dariya.

"Kamar 'yar sanda! Wayyo cikina. Rakiya, kunu kike kai wa mutumin Fatakwal da ƙarfe bakwai?"

"Bakwai da rabi."

"Abeg, rabu da shi! Ni an taɓa rubuta mini cewa fankata tana kuka kamar akuya, ga ni nan ban mutu ba. Saurara, kwastoma ba surukarki ba ce. Ba ya son ganin fuskarki, komai kyanta. Sayi akwatin makulli mai lamba ki manna a bakin ƙofa. Ki tura masa lambar ta waya, ya shiga, ya fita, Allah ya raka taki gona."

"Ko sannu da zuwa?"

"Ki rubuta a takarda ki ajiye a kan firji."

Haka ta yi. Baƙi biyu suka zo suka tafi ba ta san kalar fuskarsu ba, kowanne ya ba da tauraro biyar. Ta duba biyar ɗin nan ta ji su kamar miya ba gishiri. Gyaran gadon da ta saba yi tana waƙa ya koma aiki kawai. Rannan har ta ce wa Inna anya ba za ta zuba 'yan haya ta huta ba.

Ga kuma abin da ya fi tauraro nauyi. Mahaifiyar Jamilu ta rasu yana shekara huɗu, ƙanwar babansa ce ta raine shi, Gwaggo Ladi ta Funtuwa. A gidansu in ta ce eh an gama, in ta ce a'a an rufe. Wata biyar ke nan ana maganar kai gaisuwa gidan su Rakiya, wata biyar tana cewa ɗanta ba zai auri mai otal ba. Rakiya ba ta taɓa ganinta ba, don ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta. Abin da ta sani shi ne tana da 'ya, Nafisa, wadda tun suna yara ake tsokanar Jamilu da ita.

*

Ranar Alhamis wata mai suna N. Tanko ta kama gidan kwana uku, mutum biyu. Rakiya ta tura lambar akwati, ta kife wayar.

Da safiyar Juma'a ta biya don duba injin jan ruwa, wanda ke bayan gida ta wata 'yar ƙofa. An kwana ana yayyafi. Hazo ya taso daga wajen kogi ya kwanta a kan rufin gidaje, ganyen mangwaro na ɗiga ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika unguwar. Irin safiyar da a da take tsayawa ta ga kanta da Jamilu a barandar nan, sun tsufa, jikoki na jifan mangwaro yana yi musu tsawar ƙarya.

Ta ɗaga kai, sai ta ga barandar da mutum.

Tsohuwa ce a kan darduma, farin mayafi, carbi a hannu, ta miƙe ƙafafu tana murza gwiwa. Ta juyo. Idanunsu suka haɗu.

Gwiwoyin Rakiya sun fara sauka da kansu, gaisuwar ta zo har bakin leɓe. Sai kalmomin nan suka taso mata: ba ta san iyaka ba.

Ta sunkuyar da kai, ta juya, ta ja ƙofar a hankali don kar ta dami kowa.

Har ta kai Makera tana yaba wa kanta cewa ta fara iya sana'a.

*

Ranar Asabar bayan la'asar Jamilu ya zo. Bai shiga soro ba kamar yadda ya saba, ya tsaya jikin motarsa. Da ta fito ta ga hular ma a karkace take.

"Yaya Jamilu, lafiya? Ko wani abu ya faru a wajen aiki?"

"Rakiya, su waye a gidan Barnawa?"

"Wasu mata ne biyu. Gobe za su tafi. Me ya faru?"

"Kin gan su?"

"Na hango babbar jiya, daga nesa."

"Kin gaishe ta?"

Ta girgiza kai.

Ya rufe ido. "Gwaggo ce."

Wani mai rake ya wuce yana kiran ciniki, ta ji muryarsa kamar daga ƙasan rijiya.

"Wallahi ban sani ba sai ɗazu," ya ce. "Baba ne ya matsa mata, ya ce ba a yanke wa 'yar mutane hukunci daga Funtuwa. Ta ce to, za ta yi binciken da kanta, ba aike. Nafisa ta kama musu gidan da sunanta. Ta ce ita gidan mutum take karantawa, ba bakinsa ba."

"Me ta ce?"

"Bar shi."

"Don Allah me ta ce?"

"Ta kira Baba ta ce gida fes, ba abin ashsha. Amma kwana biyu ba wanda ya ce mata sannu. Ta ce kin gan ta da idonki, tsohuwa sa'ar kakarki, kika juya mata ƙeya. Ta ce wadda ba ta gaida baƙuwa a gidan ubanta ba, ba za ta gaida dangin miji a gidan aure ba."

Hawaye suka ɓalle mata.

"Ni? Ni ce ba na gaida mutane? Yaya Jamilu, kai fa ka sani. A ina ka fara ganina? Ba masauki ka zo kama wa abokin aikinka ba, na tsare ka sai ka sha zoɓo?"

"Kofi uku na sha. Ban ma son zoɓo."

"To ka gaya mata!"

"Na gaya mata. Ta ce ai dole a ba saurayi zoɓo."

Dariya ta so kuɓuce mata a tsakiyar kukan, ta koma shessheƙa.

"Na yi an zage ni, na bari an zage ni. Wai ya ake so in yi? Mutum ya ci ƙosaina kwana huɗu ya kira ni 'yar sanda a gaban duniya. Na ce to, bari in koyi zama irin na mutanen yanzu. Ashe ranar da na koya ita ce ranar da za a zo auna ni."

"Ki daina kuka, mutane na kallo."

"Su kalla. Gobe in ta koma shi ke nan, ko?"

Ya mayar da ido kan tayar motar.

"Matar nan ta goya ni ina zazzaɓi daga unguwarmu har asibiti, a ƙafa. Ba zan iya ɗaura aure tana kuka ba, Rakiya. Kuma ba zan iya kallon wata in kira ta matata ba. Tun ɗazu nake zagaye garin nan, na je Kakau na dawo ban san me ya kai ni ba."

"Nafisa fa?"

"Nafisa ƙanwata ce."

"Ita ta san haka?"

Ya buɗe ƙofar mota ya shiga.

Da ta koma ciki Inna na tankaɗe, ta riga ta ji komai ta taga. Ba ta ɗago ba.

"Da kin tambaye ni ranar da kika sayo akwatin nan, da na gaya miki. Amma ni ban yi jami'a ba. Gobe ki je. In zagi ne ki karɓo shi da hannu biyu, naki ne."

*

Lahadi da hantsi ƙararrawar coci na tashi daga nesa lokacin da ta sauka a keke. Ta tsaya a ƙofar gidan ubanta ta yi sallama kamar baƙuwa.

Wata doguwar budurwa ta buɗe, fara, da lalle har gwiwar hannu. Ta dube ta sama da ƙasa.

"Sai sha biyu za mu fita. Haka aka rubuta."

"Ba don haka na zo ba. Hajiya na zo gaisarwa."

"Au! Yau?" Nafisa ta yi murmushi ta matsa gefe.

Tsohuwar na zaune a falo, jakarta a ɗaure a gabanta. Rakiya ta zube a ƙasa tun daga bakin ƙofa.

"Ina kwana, Gwaggo. An tashi lafiya?"

"Ban zama gwaggonki ba. Ke ce akwatin?"

"Na'am?"

"Kwana uku ina gidan nan, akwati ne ya yi mini maraba. Na taso tun daga Funtuwa ganin mutum, aka haɗa ni da ƙarfe mai lamba. Sai wata takarda a kan firji, wai sannu da zuwa. Na amsa mata, ba ta ce komai ba."

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Da ban gan ki ba da na ce aiki ya yi miki yawa. Na gan ki. Kin gan ni. Har kin fara durƙusawa kika fasa. Abin da ya tsaya mini ke nan. Mara tarbiyya ba ta fara durƙusawa. Ke kin sani kika ƙi."

Rakiya ta share fuska da gefen hijabi, ta ciro waya.

"Ba hujja na kawo ba, laifi na yi. Amma ina so ki ji abin da ya sa."

Ta karanta sharhin, tana mayar da shi Hausa jimla bayan jimla. Da ta kai wajen 'yar sanda Nafisa ta ƙyalƙyale. Tsohuwar ba ta yi dariya ba.

"Shi wannan Joji, ubanki ne?"

"A'a."

"Malaminki ne?"

"Baƙo ne. Kwana huɗu ya yi."

"Ya ci ƙosan?"

"Ya ci."

"Duka?"

"Har yaji yake cewa a ƙaro."

"Allah wadaran naka ya lalace." Ta juya carbinta. "Mutum nawa suka kwana a nan kafin shi?"

"Sun fi sittin."

"Sittin suka ce madalla, ɗaya ya ce tir, kika bi ɗayan. Wannan lissafin a jami'a ake koyar da shi?"

Rakiya ta sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a kan tayil ɗin da ta goge da hannunta ranar Laraba.

"Mama, rana na yi," in ji Nafisa. "In muka makara motar kirki ta tafi."

"Na ji." Tsohuwar ta gyara zama. "Ke yarinya, ɗago. Ba na son jan magana. Yaron nan tun jiya yake kirana yana kuka kamar wanda aka yaye. Ga magana ɗaya. Sana'ar da za ta hana 'ya mace gaida tsohuwa ba sana'a ba ce. Ki rufe gidan nan, ki zuba 'yan haya masu iyali, ki zauna a ɗakinki. In kin amsa yanzu, daga nan gidan yayana zan wuce, Juma'a mai zuwa a kawo gaisuwa."

Murmushin Nafisa ya ɗauke.

Ga shi nan an miƙo mata, labulen da ta zaɓa, sallamarsa da yamma, ƙurar Rido a girarsa. Kalma ɗaya ce tsakaninta da su. Kwanaki kaɗan da suka wuce ita da bakinta ta ce wa Inna ta gaji da gidan.

Ta dubi ɗakin. Ta tuna matar da ta kawo mijinta asibiti daga Lafiya, suka zauna a kujerar nan suna kuka tare. Ta tuna ɗaliban da suka zo jarrabawa ta dafa musu taliya, da tsohon fasto daga Pankshin da ya sa mata albarka da Hausar da ta fi tata. Ana cewa baƙo raɓa ne. Wataƙila. Amma ita ta ga abin da raɓa ke shukawa.

"Hajiya," ta ce, "ina son Yaya Jamilu. Allah ya sani ban taɓa son wani ba, kuma ban ga alamar zan so wani ba. Amma ba zan rufe ba."

"Me kika ce?"

"Ba sana'ar ce ta hana ni gaishe ki ba. Tsoro ne. Na bar halina sau ɗaya saboda maganar mutum ɗaya, ga inda ya kai ni. In na sake bari yau saboda ina tsoron rasa shi, gobe ban san me zai rage a kai masa ba. Akwatin zan cire. Wanda ba ya son gaisuwa zan rubuta masa tun a manhaja cewa nan ana gaisuwa, ya nemi wani wuri. Amma gidan Baba zai ci gaba da saukar baƙi. Ki yafe mini."

Tsohuwar ta dube ta, kallo mai tsawo, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta dafa hannun kujera ta miƙe, gwiwa na ƙara.

"Nafisa, ɗauko jaka."

Nafisa ta ɗauka da sauri kamar jakar ba nauyi. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Gidanki ya yi kyau, gaskiya. Zan ba ki biyar."

Takunsu ya ratsa tsakar gida. Ƙofar waje ta buɗe, ta rufe.

Rakiya ta kifa kai a kan kujerar da tsohuwar ta tashi, da sauran ɗuminta, ta saki kukan da take riƙewa. Ta ga Juma'a ta zo ta wuce. Ta ga motar Jamilu ta bi ta layinsu ba ta tsaya ba. Ta ga katin biki a hannun Inna, da sunan da ba nata ba. Iska ta kaɗa mangwaro, sauran ruwan jiya ya zubo a kan kwano, shaa, ya yi shiru.

Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba.

Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Ta ɗago. Ƙofar waje ce. Daga bayanta muryar Nafisa na tashi, a shaƙe.

"Haba Mama! Motar Funtuwa fa?"

"Motar Funtuwa ba ta ƙarewa. In kina sauri ga hanya."

Rakiya ta fito tsakar gida ba takalmi, ƙasa mai sanyi a tafin ƙafarta. Ta tsaya bayan ƙofar, hannunta a kan mariƙi, ta kasa ja.

"Ke ta ciki," in ji tsohuwar, "kar ki ɗauka wani abu. Ban ce na yarda ba. Waccan saukar ban ƙirga ta ba, don ban samu kowa a gida ba. Yanzu na iso garin. Kwana uku zan yi, in ga abin da Joji ya gani da har ya ƙoshi ya yi rashin kunya. Ranar Laraba in faɗi tawa, kuma tawa ba a goge ta."

Aka yi gyaran murya. Sannan da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji:

"Salamu alaikum! Da mutane a gidan nan?"

Rakiya ta goge ido da bayan hannu, ta ja mariƙin, gwiwoyinta suka kai ƙasa tun ƙofar ba ta gama buɗewa ba.

"Wa alaikumus salam. Maraba, maraba. Sannunku da hanya, Hajiya."

Tsohuwar ta miƙo mata jakar.

"Riƙe. Kuma ni ƙarfe shida nake karyawa."